Ƙwan da Freda Ba Ta Miƙawa

Kan sarki biyu kacal Beryl Elvidge ta shiga saya a gidan waya ranar Litinin da safe, sai ta tarar an kafa kotu. Mako huɗu ke nan ana nuna wasan nan a talabijin kowace Lahadi da yamma, labarin samari bakwai da jirginsu na jefa bam a lokacin yaƙin Jamus, kuma mako huɗu ke nan mutanen Wragthorpe ba su da wata hira sai tasa. Ba a ga laifinsu ba. Tsohon filin jirgin yana nan bayan coci, an mai da shi gonar dankali, hasumiyarsa na tsaye babu gilashi ko ɗaya, kuma duk wanda ya haura hamsin a ƙauyen gani yake da hannunsa aka ci yaƙin. Har waɗanda a lokacin ba su daina fitsarin kwance ba sun zama malamai.

Makon farko aka ce hulunan ba haka suke ba. Na biyu aka ce jirgin ya cika tsabta, kamar ba a taɓa yin amai a cikinsa ba. Na uku mata suka tasa gashin 'yan wasan a gaba, wai da wannan sumar ko ƙofar sansani ba za a bar mutum ya wuce ba. Duk wannan mita ce ta jin daɗi, irin ta mai kushe miya yana ƙara loma. Kashi na huɗu ne ya fama wa mutane ciwo. A cikinsa aka nuna wata yarinya mai aikin kicin a sansani, wadda samari uku suka yi rawa da ita, ukun duka ba su dawo ba. Sai sauran suka sa mata suna mai farar ƙafa, suka daina karɓar abinci daga hannunta, in ta doso tebur a watse.

"Ƙarya ce tsagwaronta!" in ji Horace Odling, yana buga sandarsa a ƙasa. Shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin sojojin sama, kuma tun da aka fara wasan bai taɓa fitowa babu lambarsa a ƙirji ba. "Sawu talatin na yi a kan Jamus ina riƙe da rediyon jirgi. Ban gani ba, ban ji ba. Mu da in mace ta shigo sai mun miƙe tsaye?"

"Miƙewa kam kuna yi," in ji matar gidan waya. "Uwata ta ce in kuka shigo gari ranar Asabar har kaji sai an kulle."

Aka kwashe da dariya, ban da Horace. Yana juyowa ya ga Beryl, fuskarsa ta washe.

"Yawwa, ga wadda nake nema. Beryl, zo ki kashe mana wannan magana."

Ya zaro takarda daga aljihun kwat. Jaridar gunduma ta buɗe shafi guda don ra'ayin masu kallo, shi kuwa ya rubuta wasiƙa da sunan duk waɗanda suka yi aiki a sansanin Wragthorpe, cewa suna shaida ba a taɓa yi wa wata mace irin wannan wulaƙanci a nan ba, masu wasan su nemi gafarar matattu. Mutum goma sha tara sun riga sun sa hannu, duk maza.

"Mu in mun faɗa, cewa za a yi muna kare kanmu," in ji shi. "Amma a cikin matan kicin ku biyu kuka rage, ke da Freda Cammack. In kuka sa hannu, bakin kowa ya mutu. Ke ce maƙwabciyarta, ki kai mata. Ranar Alhamis zan aika."

"Ban zo da tabarau ba," in ji Beryl.

"Ga shi nan a wuyanki, baiwar Allah."

Aka sake yin dariya. Ta karɓi takardar ta cusa a jaka, ta fita ba ta sayi kan sarkin ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jiya da yamma, tun kafin wasan ya kai rabi ta tashi ta kashe talabijin, ta zauna tana kallon gilashinsa baƙi har shayinta ya huce. Abin da aka nuna ya faru a Wragthorpe, a gaban idonta, kuma Freda Cammack aka yi wa. Kuskure ɗaya masu wasan suka yi. A wasansu wani matuƙi ne ya fara maganar. A Wragthorpe daga bakin Beryl ta fito.

A kaka ta shekarar alif ɗari tara da arba'in da uku ne. Beryl tana da shekara sha tara, Freda na da ashirin, su biyu suke tsayawa a tagar miƙa abinci. A zamanin da farar hula sai ya yi mako yana jiran ƙwai ɗaya da katin rabo, duk sojan da ya dawo daga Jamus da asuba ana soya masa ƙwai nasa na kansa, da ɗan naman alade a gefe. Kuku yakan jera ƙwai a tire daidai da yawan waɗanda suka tashi. Samarin har wasa suke yi da shi, kafin su hau jirgi wannan ya dafa kafaɗar wancan ya ce, "In ba ka dawo ba ƙwanka nawa ne." Matan kicin ba sa bukatar a karanta musu allo. In gari ya waye suka ga ƙwai bakwai a tire, jirgi ɗaya ne bai dawo ba.

Wata asuba ƙwai goma sha huɗu suka rage. A cikinsu har da na Lorne, wani dogo ɗan Kanada mai bindiga a wutsiyar jirgi, wanda kowa ke so saboda ba ya rabo da raha. Mazan suna zaune jugum, idanu jajur, babu mai taɓa abincinsa. Mutumin da tsoro ya cika wa ciki dole ya nemi inda zai sauke shi. Sai wani ya ce, shin wace ce Lorne ya yi rawa da ita ranar Asabar? Wani ya ce ai su biyun da aka rasa makon jiya ma daga wurin rawar nan suka fito. Idanu suka fara juyowa wajen taga, inda 'yan mata biyu ke tsaye.

Gaskiyar magana ita ce, mata shida ne a kicin, maza kuwa sun fi ɗari biyu, kowace ta yi rawa da kowa. Freda ta yi ɗaya da Lorne a farkon yamma. Amma ta ƙarshe da Beryl ya yi ta, shi ya raka ta har ƙofar ɗakin kwanan mata, ya sumbace ta a kumatu. Kuma a lokacin ta fara shiri da Wilf Elvidge, injiniyan jirgi, wanda yake zaune a tebur na biyu yana kallonta shi ma. Ta san abin da ake yi wa yarinyar da aka sa wa wannan suna. Bakinta ya riga hankalinta.

"Ai da Freda ya yi," ta ce, da muryar da ta isa tebur uku. "Su biyun can ma da ita suka yi."

Freda a lokacin ta koma can baya tana kwashe ƙwai daga kasko, ta fito da faranti biyu a hannu tana murmushin gajiya. Na farkon da ta miƙa wa ya ja hannunsa ya ɓoye a ƙarƙashin tebur, ya ce, "Ajiye a nan." Horace Odling ne, yana da shekara ashirin da ɗaya. Yau in aka rantsar da shi zai rantse bai yi ba, kuma ba ƙarya zai yi ba, mantawa ya yi. Mai duka yakan manta, wanda aka daka ne ba ya mantawa. Kafin mako ya zagayo sajan ɗin kicin ya mai da Freda ɗakin wanke tukwane, inda babu mai ganin fuskarta, kuma a can ta ƙare yaƙin.

Magana zarar bunu ce. Beryl ta yi niyyar gyarawa a makon nan, sannan ta ce bari sai Wilf ya cika sawunsa talatin, sannan ta ce bari a gama yaƙi. Aka gama yaƙi, aka ɗaura aurenta da Wilf, suka kama gidan da ke jikin na mahaifin Freda don shi kaɗai aka samu. Shekara arba'in da huɗu ta zauna da mijinta lafiya har ya rasu bara waccan, shinge ɗaya tsakaninta da matar da ta jefa a rami. Freda ba ta yi aure ba. Percy Dring, manomi mai gonaki har bakin magudana, ya nema ta ƙi, kowa ya ce girman kai ne. Kajinta take kiwo, kullum da safe ta jera ƙwai a ɗan akwati a bakin shinge, da gwangwani a gefe, mai so ya ɗauka ya jefa abinsa ya wuce.

Suna gaisawa ta kan shinge, amma iyakarta ke nan. Da Beryl ta haifi ɗanta, ta miƙa wa Freda jaririn a ƙofar coci, Freda ta mai da hannuwanta baya ta ce tana mura. Da yaron ya girma zai tafi sojan ruwa, ya je yi mata sallama, ta ƙi ba shi hannu, ta ɗaga masa kai daga nesa. Ranar jana'izar Wilf a kan dakali ta ajiye kek ta koma. Beryl ta daɗe da fassara wannan duka: Freda ta ji abin da ta faɗa, tana riƙe da ita, kuma ta kyauta. Abin kunya ma, wannan riƙon ya zame wa Beryl wurin hutawa. Gani take ana hukunta ta a hankali, don haka ba sai ta buɗe baki ba.

Ranar Talata jikarta Bryony, wadda ke aikin jinya a Lincoln, ta zo aron akwatin tafiya na kakanta. Ranar Asabar za ta tafi Spain hutu da ƙawayenta, karo na farko da za ta hau jirgin sama. Tun daga ƙofar lambu ta ɗaga murya ta shaida wa Freda, wadda ke watsa wa kaji hatsi, har da lokacin tashin jirgin.

"Kaka, wannan akwatin ya girme ni," ta ce, tana kaɗe shi a tsakar ɗaki. "In na shiga da shi cewa za a yi daga gidan tarihi na sato."

"Ya fi ki ƙwari, 'yar nema. Ke ruwan sama kaɗan sai atishawa."

"Kin kalli na shekaranjiya? Ni kam sai da na yi kuka. A wurin aiki rabi sun ce ƙari aka yi, rabi sun ce maza kam za su aikata. Ni wanda ya fara faɗar nan nake so a ba ni minti biyar da shi. Yarinyar ba ta yi masa komai ba fa, kawai don ya ji sanyi a ransa ya kashe mata rayuwa. Ke da kike can, an yi haka da gaske?"

Beryl ta sunkuya tana kokawa da maɓallin akwatin, wanda lafiyarsa ƙalau.

"An yi abubuwa da yawa," ta ce.

Da yarinyar ta tafi, ta shimfiɗa wasiƙar Horace a tebur, ta ɗauki biro, ta ajiye. Sa hannunta ba shi ne abin da ya fi damunta ba, wanda ya yi shiru shekara arba'in da takwas ai ya riga ya sa hannu. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ta ɗauki takardar nan da hannunta ta kai wa Freda, ta ce mata ta shaida ba a yi mata komai ba. Kunya ta rufe ta har ta ji zafi a kunnuwa, ita kaɗai a ɗaki.

Ranar Laraba da la'asar ta zagaya shinge ta ƙwanƙwasa ƙofar baya. Freda ta buɗe, 'yar siririya, gashi fari fat, da tsohuwar rigar sanyi ta mahaifinta a jikinta. Ta ja da baya sosai don Beryl ta wuce ba tare da sun gogi juna ba.

"Yau kuma wace iska ce? Zauna, butar na kan wuta."

Ta haɗa shayi, ta ajiye kofin a tsakiyar tebur, ta janye hannu. A gefe akwai kwando cike da ƙwan yamma, wasu da gashin kaza manne a jikinsu. Beryl ta rasa ta inda za ta fara, sai ta fara ta inda kowa ke farawa.

"Kina kallon wasan nan?"

"Wa zai hana ni? Shirme ne, amma ina kallo. Kin ga kaskonsu? Kamar yau aka sayo. Ga ƙwai manya-manya kamar na agwagwa. Kuma wa ya gaya musu muna shafa jan baki da ƙarfe biyar na asuba? Da sajan ya gan mu da sai mun kankare shi da soson tukunya."

Beryl ta yi dariyar dole. Ta ciro takardar ta tura mata a kan tebur. Freda ta sa tabarau ta karanta a hankali, leɓenta na motsi, har ƙasa. Beryl ta jira tsawa, ko dariyar raini, ko a nuna mata ƙofa. Ta ma fi son tsawar.

"Ina biro?" in ji Freda.

"Sa hannu za ki yi?"

"Me zai hana? Horace ya yi gaskiya, ba wanda ya wulaƙanta ni."

"Freda, ke aka yi wa! Ina tsaye a wurin."

"An yi, amma ai ba wulaƙanci ba ne. Kare kai ne, ko ni ce haka zan yi." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Abin da ya ba ni haushi da yarinyar wasan nan ke nan. Sai kuka take, tana bin mutane tana cewa ba gaskiya ba ne, har tana kama hannun wancan ɗan yaron mai tabo. Na ce a raina, ke wawuya, sake shi mana! In Allah ya yi ki da wannan abu, sai ki san yadda za ki zauna da shi, ba ki yi ta shafa wa bayin Allah ba."

Beryl ta ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin kujerarta.

"Kina nufin kin yarda?"

"Uku fa, Beryl, cikin kwana goma sha biyu. Ni da farko ban lura ba, ke ce mai ido. Ina jin ki daga bakin kasko lokacin da kika faɗa. Na yi fushi da ke kwana biyu, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na zauna na lissafa, na ga gaskiyarki. Kowa ya gani ya yi shiru, ke kaɗai kika iya buɗe baki. Kuma duba, daga ranar da aka mai da ni wurin tukwane, Wilf ɗinki ya cika sawunsa, Horace ya cika nasa. Na daɗe ina so in yi miki godiya, nauyin baki ne ya hana."

"To jaririna da kika ƙi ɗauka?"

"Kina hauka ne? In ɗauki ɗan kwana arba'in da waɗannan hannuwan?" Ta ɗaga su ta kalla, kamar kayan wani. "Wallahi ranar nan har gida ina jin ƙanshinsa. Da zai tafi teku kuwa, tsayawa na yi bayan labule har motar ta sha kwana. Ya dawo lafiya, ko bai dawo ba?"

Sai a lokacin Beryl ta ga abin da ta shekara arba'in tana kallo ba ta gani ba. Akwatin ƙwai a bakin shinge, kek a kan dakali, kofin shayin nan da ke tsakiyar tebur. Ashe ba riƙo ba ne. Matar nan tsare mata gida take yi, tun daga miji har jikoki, tana tsare su daga kanta. Hukuncin da Beryl ta jingina da shi duk tsawon shekarun nan babu shi, ba a taɓa hukunta ta ba ko na rana ɗaya. Laifin ya sauko mata gaba ɗayansa, sabo fil kamar da safen nan ta yi shi.

"Ƙarya na yi," ta ce. "Freda, ki saurare ni. Rawar ƙarshe da ni Lorne ya yi. Shi ya raka ni ɗaki, ya sumbace ni a nan. Su biyun can ma na yi rawa da su, ni da ke da sauran duka. Na ga idanu sun juyo kanmu, na san ɗayarmu za a ɗauka, sai na riga ki. Ba ido ne da ni ba, tsoro ne. Wilf nake tsoron rasawa, na saye shi da ke."

A waje wata kaza ta yi ta kyarkyara ta gaji ta yi shiru.

"Ba haka ba ne," in ji Freda.

"Haka ne. Bayan an kai ki wurin tukwane ƙwai nawa suka rage a tire? Kin manta watan Maris, da muka mai da ƙwai ashirin da takwas? Su kuma wa ya taɓa su? Kina can kina kankare baƙin tukunya. Jamusawa ne suka harbe su, Freda, ba ke ba. In akwai mai farar ƙafa ni ce, ni kuwa na kwana da mutum shekara arba'in da huɗu ya mutu a gadonsa da furfura."

"Ki daina."

"Ba zan sa hannu ba, ke ma ba za ki sa ba. Gobe zan je in gaya wa Horace a gaban kowa, shi da ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur."

"Na ce ki daina!" Freda ta dafa tebur ta miƙe. Tun da suke Beryl ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba. Freda ta je bakin taga ta tsaya, ta ba ta baya, tana kallon wajen gonakin Dring, inda 'ya'yan Percy ke haƙar dankali da tarakta.

"Sau uku Percy ya nemi aurena," ta ce a hankali. "Na ukun a bakin shingen nan, da hularsa a hannu, ana yayyafi. Ina son shi, Beryl, kamar in mutu. Na ce masa warin taki yake yi, don ya tafi kada ya dawo. Da ya rasu yana da saba'in da shida, na ce to, ko ba komai na ba shi shekara arba'in. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi." Ta juyo, idanunta a bushe. "Yanzu kin zo da la'asar ɗin Laraba kin ce ba komai na ba shi ba. To me na yi da rayuwata?"

Hawaye ne kawai suke zubo wa Beryl, tana jin haushin su, don ba ita ce ta cancanci kuka a ɗakin nan ba. Ta ɗauki wasiƙar Horace ta ninke ta mayar jaka. Ba ta ce a yafe mata ba, ta ga roƙon ma wani kaya ne za ta ƙara ɗora wa matar. Abu ɗaya ta ga za ta iya. Ta miƙa hannunta a kan tebur, ta buɗe tafin.

"Ba ni ƙwai ɗaya."

"Ga kwando nan a gabanki."

"A'a. Da hannunki. Ki sa mini a nan."

Freda ta kalli tafin hannun. Ta dawo wajen tebur a hankali, ta zaɓi ƙwai ɗaya mai ruwan ƙasa, ta cire ɗan gashin da ya manne masa, ta goge shi da babban yatsa. Ta ɗago shi. Ya matso, ya matso, har Beryl ta ji ɗuminsa kusa da fatarta, don bai daɗe da fitowa daga akurki ba. Ba ta rufe tafin ba, ba ta matsar da shi ba, numfashi ma ta riƙe.

Sai Freda ta karkatar da hannu ta ajiye ƙwan a kan tebur, dab da yatsun Beryl, ta tare shi da cokali don kada ya gangara. Ta mai da hannuwanta baya.

"Na ji abin da kika ce, kuma wataƙila gaskiya ne," ta ce. "Amma ba wannan makon ba. Bryony za ta hau jirgi ranar Asabar."